Ɓacewar Richey Edwards: Mawaƙin Birtaniya Mai Fama da Ciwon Damuwa da Har Yau Ba a Ji Ɗuriyarsa Ba

Ranar 1 ga Fabrairun 1995, Richey Edwards, marubucin waƙoƙi kuma makaɗin jita a ƙungiyar mawaƙa ta Manic Street Preachers, ya bar masaukinsa a birnin Landan. Shekarunsa 27 a lokacin, kuma watanni kaɗan ke nan da sallamo shi daga asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa. Bayan kwana 16 aka gano motarsa a yashe kusa da gadar Severn, wadda ta haɗa Ingila da yankin Wales. Tun daga wannan rana babu wanda ya tabbatar da ganinsa, ko a raye ko gawarsa.

Wannan na cikin shari'o'in ɓacewa da suka fi shahara a Birtaniya. Shahararsa ta sa an rubuta kusan duk abin da ya faru, shi ya sa labarin ya zama madubi ga masu nazarin yadda hukumomi ke tunkarar ɓacewar baligi mai lalura. Abin da ya fi fitowa fili a cikinsa shi ne an yi asarar kwanakin farko, kuma abin da aka rasa a waɗannan kwanaki bai sake dawowa ba.

Wane ne Richey Edwards?

An haifi Richard James Edwards ranar 22 ga Disamban 1967 a Blackwood, wani ƙaramin gari a kudancin Wales, yankin da ya daɗe yana dogaro da haƙar kwal. Ya taso ne a lokacin da ake rufe mahaƙun, kuma yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 ya same shi yana matashi. Talauci da fushin da suka biyo bayan wannan yajin aiki sun yi tasiri sosai a rubutunsa.

Ya yi karatun tarihin siyasa a jami'ar Swansea, ya kammala a 1989. Abokansa uku na ƙuruciya, James Dean Bradfield da Sean Moore da Nicky Wire, waɗanda suka yi makaranta ɗaya da shi, sun riga sun kafa ƙungiyar waƙa. Da farko shi ke tuƙa musu mota yana kuma tsara musu zane-zanen talla, daga baya ya zama na huɗunsu. Shi da kansa bai taɓa ɓoye cewa bai ƙware a kiɗan jita ba. Ƙarfinsa yana wajen alƙalami da kuma magana da 'yan jarida. Shi da Nicky Wire ke rubuta baitocin, sauran biyun su ɗora musu kiɗa.

Ƙungiyar ta fitar da faifai uku yana cikinta: Generation Terrorists a 1992, Gold Against the Soul a 1993, sai The Holy Bible a watan Agustan 1994. Mafi yawan baitocin faifai na uku nasa ne, kuma sun taɓo yaƙi da kisan kiyashi da yunwatar da kai da ƙin jinin kai. Masu sharhi da dama na kallon faifan a matsayin hoton halin da marubucinsa ke ciki a wannan shekara.

Lalurar da yake fama da ita

Edwards ya sha faɗa a bainar jama'a cewa yana fama da tsananin ciwon damuwa. Tare da shi akwai rashin barci, da yawan shan barasa don ya samu ya runtsa, da ɗabi'ar raunata jikinsa, da kuma cutar ƙin cin abinci, wadda ke sa mutum ya riƙa hana kansa ci har jikinsa ya ƙare. Likitoci sun san wannan cuta a matsayin ɗaya daga cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

A watan Mayun 1991, bayan wani wasa a birnin Norwich, ɗan jarida Steve Lamacq na mujallar NME ya nuna shakku kan ko da gaske ƙungiyar take yi. Edwards ya amsa masa ta hanyar yankar hannunsa a gabansa, sai da aka kai shi asibiti aka ɗinke. Hoton ya bazu, kuma mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin salon neman suna irin na mawaƙa. Wannan kallo ya bi shi har bayan ɓacewarsa.

Daga ƙarshen 1993 abubuwa suka ƙara dagulewa. Philip Hall, ɗaya daga cikin manajojin ƙungiyar, wanda ya taɓa saukar da su a gidansa lokacin da ba su da komai, ya rasu sakamakon cutar daji a watan Disamba. A 1994 wani abokinsa na jami'a ya kashe kansa. Da bazarar wannan shekara jikin Edwards ya tsananta, aka kwantar da shi a asibitin Whitchurch da ke Cardiff, sannan aka mayar da shi asibitin kuɗi na Priory a Roehampton, kudu maso yammacin Landan. Sauran ukun sun ci gaba da hawa dandali ba tare da shi ba, domin a samu abin biyan kuɗin jinya.

Bayan an sallame shi ya koma yawon wasanni da ƙungiyar. An ɗora shi kan maganin Prozac, wanda ake bai wa masu ciwon damuwa. Wasansa na ƙarshe shi ne na ranar 21 ga Disamban 1994 a zauren Astoria na Landan, ana gobe zai cika shekara 27.

Makonnin ƙarshe

A watan Janairun 1995 karen da ya shaƙu da shi tun yana yaro ya mutu. Ranar 23 ga watan ya yi hirarsa ta ƙarshe, da wata mujallar waƙa ta Japan, kansa a aske ƙwal. A wannan tsakanin ne kuma ya miƙa wa abokan waƙarsa wani kundi cike da baitocin da ya rubuta.

Cikin mako biyu kafin ya ɓace, kullum yana cire fam 200 daga asusunsa na banki, jimilla fam 2,800. Wasu sun ce guzurin tafiya Amurka ne, domin an shirya shi da Bradfield za su tashi ranar 1 ga Fabrairu su je tallata sabon faifansu. Wasu kuma na ganin shirin gudu ne. Bayan wannan rana ba a sake taɓa asusun ba.

Daren 31 ga Janairu su biyun suka sauka a otal ɗin Embassy da ke titin Bayswater a Landan. An ruwaito cewa a wannan lokaci ya bai wa wata ƙawarsa wani littafin ƙagaggen labari na Rasha mai suna Novel with Cocaine, ya ce ta karanta gabatarwarsa, wadda ke ba da labarin marubucin da ya ɓace bayan zama a gidan masu taɓin hankali. A ɗakinsa kuma ya bar wani kwali da ya naɗe kamar kyauta, da littattafai da finafinai a ciki, da ɗan gajeren saƙo ga wata mace da yake ƙauna.

Jerin abin da ya faru

1 ga Fabrairu. Bayanan da 'yan sanda suka yi aiki da su sun ce ya fita otal da ƙarfe 7 na safe. Ya bar akwatinsa a shirye da wani ɓangare na maganinsa. Ya ɗauki motarsa ƙirar Vauxhall Cavalier ya nufi gidansa a Cardiff. A can aka tarar da fasfonsa da sauran maganin da kuma rasit ɗin kuɗin haye gadar Severn. Da bai fito ba, aka buɗe ɗakin otal ɗin aka tarar babu kowa. Bradfield ya tafi Amurka shi kaɗai.

2 ga Fabrairu. Manajan ƙungiyar, Martin Hall, ya kai rahoton ɓacewarsa ofishin 'yan sanda na Harrow Road a Landan. Iyalinsa sun buga ƙaramar sanarwa a jarida suna roƙon ya tuntuɓe su, amma an yi kusan mako biyu kafin a fito a shaida wa duniya cewa ya ɓace, bisa fatan zai dawo da kansa.

Makon farko. Wasu sun ce sun gan shi a garin Newport, a ofishin fasfo da kuma tashar bas.

7 ga Fabrairu. Wani direban tasi ya ce ya ɗauki wani fasinja mai kama da shi daga wani otal a Newport, ya zaga da shi garuruwan yankin har da Blackwood, suka tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Pontypool, sannan ya sauke shi a wurin hutawar matafiya da ke Aust, daf da gadar Severn. Fasinjan ya biya fam 68 kuɗi hannu.

14 ga Fabrairu. An manna wa motarsa takardar tara a wannan wurin hutawa.

17 ga Fabrairu. Aka kai rahoton cewa an yasar da motar. 'Yan sanda sun tarar batirinta ya mutu, da alamun wani ya kwana a ciki na wani lokaci, da kuma hotunan iyalinsa da ya ɗauka makonni kaɗan kafin nan.

A shekarun da suka biyo baya an yi ta samun masu cewa sun gan shi, a wata kasuwa a Goa ta ƙasar Indiya, da tsibiran Fuerteventura da Lanzarote na Sifaniya. Babu ko ɗaya da bincike ya tabbatar.

Rasit ɗin da aka yi wa gurguwar fahimta

Rasit ɗin gadar da aka samu a gidansa na ɗauke da lokaci: 2:55. Sama da shekara ashirin kowa ya ɗauka ƙarfe uku saura minti biyar ne na rana. Wannan ya haifar da tambaya, domin daga Landan zuwa gadar tafiyar awa biyu da ɗoriya ce. Idan ya fita da bakwai na safe ya haye gada kusan uku na rana, ina ya shiga na tsawon sa'o'in da suka rage? An ɓata lokaci mai yawa ana neman amsar wannan.

A 2018 ƙanwarsa, Rachel Elias, tare da marubutan da ke aiki kan tarihinsa, suka bayyana cewa na'urar karɓar kuɗin gadar tana amfani ne da agogo mai ƙirga awa 24. Da rana ce, da an rubuta 14:55. Ke nan an haye gadar ne da tsakar dare, awa huɗu kafin lokacin da aka ce an ga fitarsa daga otal a Landan. Ko dai shaidar otal ɗin ba daidai ba ce, ko ya je Wales ya dawo, ko kuma akwai wani bayanin da ba a bi ba. Duk kiraye-kirayen neman shaidu da aka yi a 1995 an yi su ne kan lokacin da ba shi ba. An tambayi mutane abin da suka gani da rana, alhali da dare ya kamata a tambaya. Wannan bayani na cikin littafin Withdrawn Traces na Sara Hawys Roberts da Leon Noakes, wanda ya fito a 2019 da haɗin kan ƙanwar tasa.

Inda bincike ya yi rauni

Lamarin ya faɗa hannun rundunonin 'yan sanda uku. Rundunar Landan ce ta karɓi rahoto, domin a can aka yi masa ganin ƙarshe. Gidansa yana yankin rundunar kudancin Wales. Motar kuma an same ta a yankin rundunar Avon da Somerset. Kowace na riƙe da wani yanki na labarin, a zamanin da musayar bayanai tsakanin rundunoni ke tafiyar hawainiya.

Marubuci Simon Price, a littafinsa na 1999 kan tarihin ƙungiyar, ya soki yadda aka gudanar da binciken, yana ganin ba a ba halin lafiyar ƙwaƙwalwar Edwards nauyin da ya kamata ba wajen tantance gaggawar lamarin. Ƙanwarsa ma ta koka cewa sai bayan shekara biyu aka duba hotunan kyamarorin tsaro na gadar yadda ya kamata.

Tushen matsalar yana cikin doka. A Birtaniya, kamar a ƙasashe da yawa, ba laifi ba ne baligi ya tattara ya tafi bai gaya wa kowa ba. 'Yan sanda ba su da hurumin dawo da shi dole. Ga mutum mai kuɗi a aljihu, mai mota, wanda aka san ya gaji da shahara, abu mafi sauƙi shi ne a ce ya tafi hutawa. Amma wannan mutumin dai shi ne wanda bai daɗe da fitowa asibiti ba, ya bar maganinsa a baya, yana da tarihin raunata kansa, ga kuma rashe-rashe a jere. A ma'aunin da 'yan sandan Birtaniya ke amfani da shi a yau, waɗannan alamomi ne da ke ɗaga mutum zuwa sahun waɗanda rayuwarsu ke cikin babban haɗari.

Hasashen da ake yi

Hasashe na farko shi ne ya hallaka kansa a kogin Severn. Masu wannan ra'ayi na kafa hujja da inda aka samu motar da kuma tarihin ciwonsa. Rashin samun gawa bai rushe hasashen ba, saboda yanayin kogin. Severn shi ne kogi mafi tsawo a Birtaniya, kilomita 354, kuma a bakinsa bambancin cikar ruwa da janyewarsa kan kai kimanin mita 14, wanda ke cikin mafi girma a duniya. Abin da ruwan ya ɗauka yana iya binnewa a laka ko ya wuce teku.

Hasashe na biyu shi ne ya shirya ɓacewarsa. Hujjojin su ne kuɗin da ya riƙa cirewa, da sha'awar da aka san yana yi wa labaran marubutan da suka ƙaurace wa duniya, da kuma cewa a hirarrakinsa na 1994 ya nesanta kansa daga tunanin kashe kai. Masu ja da wannan na cewa da wuya mutumin da fuskarsa ta cika mujallu ya rayu shekaru masu yawa babu fasfo, babu banki, kuma bai taɓa leƙo iyayen da ya shaƙu da su ba.

Akwai kuma abin da ke tsakanin biyun: ya tafi da niyyar ya ɗan kaɗaita, ya yi kwanaki a cikin mota a sanyin Fabrairu babu magani babu abinci sosai, sannan wani abu ya same shi. Masu aikin neman ɓatattu sun san cewa niyyar mai ciwon damuwa na iya sauyawa daga kwana zuwa kwana. Shi ya sa mako biyun da ke tsakanin 1 da 14 ga Fabrairu suka fi komai muhimmanci, domin idan shaidar direban tasi gaskiya ce, yana raye kuma yana kusa da gida a lokacin da jama'a ba su ma san ana nemansa ba.

Iyali tsakanin fata da makoki

Masaniyar halayyar iyali ta Amurka, Pauline Boss, ta yi shekaru tana nazarin irin wannan rashi, wanda ba a san ko mutuwa ba ce ko rabuwa. Ta nuna cewa ya fi sauran rashi wahalar jurewa, saboda babu jana'iza, babu kabari, babu ranar da za a ce an gama zaman makoki. Iyayen Edwards duka sun rasu ba su san makomar ɗansu ba.

Abokan waƙarsa sun ci gaba su uku, ba su ɗauki wani ya maye gurbinsa ba, kuma sun riƙa ware masa kasonsa na kuɗin waƙa. Faifansu na 1996, Everything Must Go, wanda ke ɗauke da wasu baitocinsa, shi ya ɗaukaka su, har ya ci kyautar Brit a 1997. A 2009 suka fitar da Journal for Plague Lovers, wanda duk baitocinsa daga kundin nan ne da ya bar musu.

Tun 2002, da cikar shekara bakwai, iyalin ke da damar neman a ɗauke shi a matsayin matacce. Ba su yi ba sai a watan Nuwamban 2008. Lauyan ƙungiyar ya bayyana a lokacin cewa matakin na daidaita al'amuran dukiyarsa ne, ba wai iyayen sun haƙura cewa ya mutu ba.

Wahalar da suka sha wajen bin wannan hanya ce ta sa Rachel Elias ta shiga fafutuka tare da ƙungiyar agaji ta Missing People, har ta yi bayani a gaban 'yan majalisar dokoki a 2011. A lokacin, a Ingila da Wales babu takarda guda da ke warware komai. Banki na da hanyarsa, kamfanin inshora na da tasa, batun aure ma daban. A 2013 majalisa ta zartar da dokar ɗaukar ɓatacce a matsayin matacce, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2014. Yanzu babbar kotu na iya ba da hukunci guda idan ana kyautata zaton mutum ya mutu, ko an yi shekara bakwai ba a san yana raye ba. A 2017 aka ƙara wata dokar, wadda ta fara aiki ranar 31 ga Yulin 2019, da ke bai wa dangi damar zama wakilan kula da dukiyar wanda ya ɓace bayan kwana 90, ba tare da sun ce ya mutu ba.

Yadda wasu dokoki ke kallon wanda ya ɓace

Ƙa'idar shekara bakwai tsohuwa ce a shari'ar Ingila, kuma ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka sun gaje ta. A Najeriya tana cikin sashe na 164 na dokar shaida ta 2011: wanda aka yi shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji labarinsa ba su ji ba, ana ɗauka ya mutu, sai in an kawo hujjar akasin haka.

Dokar Faransa ta raba lamarin gida biyu. Akwai disparition, wato wanda ya ɓace a yanayin da ke barazana ga rai, kamar nutsewar jirgi, inda kotu ke iya tabbatar da mutuwa ba tare da dogon jira ba. Akwai kuma absence, wato wanda kawai aka daina jin ɗuriyarsa. A nan sai an yi shekara goma bayan hukuncin farko na alƙali, ko shekara ashirin idan ba a taɓa zuwa kotu ba. Game da bincike kuwa, dokar 21 ga Janairun 1995 ta wajabta wa 'yan sanda da jandarmomi su nemi duk baligin da ɓacewarsa ke da tayar da hankali saboda shekarunsa ko halin lafiyarsa ko yanayin da abin ya faru.

A fiƙihun Malikiyya ana kiran irin wannan mutum mafƙudi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo cewa matarsa za ta kai ƙara, a yi bincike, a ɗiba mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai an kai lokacin da tsaransa ba sa wuce shi a raye.

Duk waɗannan hanyoyi amsa suke bayarwa ga tambayar dukiya da aure. Tambayar ina mutumin yake, ita kam sai bincike, kuma bincike ya fi amfani tun sawu bai goge ba.

Abin da ya sauya a aikin neman masu lalura

Ƙungiyar Missing People ta ce ana kai rahoton ɓacewar mutum kimanin 170,000 a kowace shekara a Birtaniya, kuma har takwas cikin goma na manyan da ke ɓacewa suna da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, ko likita ya tabbatar ko bai tabbatar ba. Mafi yawansu ana ganinsu cikin kwana ɗaya ko biyu. Kaɗan ne ke wuce shekara, irin su Edwards.

A yau 'yan sandan ƙasar na auna haɗari tun daga kiran farko. Suna tambayar ko mutumin na shan magani, ko ya tafi da shi, ko ya taɓa yunƙurin cutar da kansa, ko an yi masa rasuwa kwanan nan. Suna kuma nanata cewa babu dokar da ta ce sai an jira awa 24 kafin a kai rahoto. Akwai sashe na ƙasa da ke ajiye bayanan ɓatattu yana gwada su da gawarwakin da ba a gane masu su ba, har da gwajin ƙwayoyin halitta. Ga tsofaffi masu cutar mantuwa an ɓullo da tsarin Herbert, inda iyali ke cike takarda tun kafin wani abu ya faru: hoton kwanan nan, magungunan da yake sha, tsoffin gidajen da ya zauna, wuraren da ya saba zuwa. Idan kuma aka samu baligi lafiya ya ce ba ya son a san inda yake, 'yan sanda za su shaida wa iyalinsa cewa yana raye, ba za su faɗi wurin ba. Ta haka ake ƙoƙarin kare 'yancinsa ba tare da an bar iyali cikin duhu ba.

Darussan da masu wannan aiki ke maimaitawa ba sa buƙatar kuɗi ko na'ura. A kai rahoto da wuri. A faɗi ciwon da mutum ke da shi ƙarara, ko da iyali na jin nauyin ambatonsa, domin shi ne ke sa hukuma ta ɗauki lamarin da gaggawa. A fara dubawa kusa da gida da wuraren da ya saba, har da garin da ya taso. A rubuta lokaci da wurin da kowane mai shaida ya ambata tun bai manta ba. A adana duk wata takarda ko rasit ko saƙon waya, kuma a sa wani ya sake karanta su da sabon ido.

Har yanzu sunan Richard Edwards na cikin jerin waɗanda ake nema a Birtaniya, duk da hukuncin 2008. Ƙanwarsa ta ci gaba da yin kira ga duk wanda ya ga wani abu a daren 31 ga Janairu zuwa wayewar 1 ga Fabrairun 1995, a otal ɗin Embassy ko a kan hanyar zuwa Wales, ya fito ya faɗa.